Fitar keke bayan damina: Zobe, Daberam, ko dai mu ƙetara Karaye?

Dan_Kofar_Sauri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Mu bakwai ne muke hawan keke duk Asabar bayan sallar asuba, kuma gaskiya zagayen garin Katsina ya ishe mu. Kofar Kaura, Kofar Kwaya, hanyar filin jirgi, a dawo a zauna wurin mai shayi. Shekara biyu ke nan abu ɗaya. Yanzu da ruwa ya fara ɗaukewa muna so mu yi fita ta yini guda, inda za a ga gulbi da duwatsu, in da hali har kwazazzabo, irin hanyar nan da ke bin bakin ruwa tana hawa tana gangarawa. Wurare uku ake ta ja-in-ja a kansu: dam ɗin Zobe ta wajen Dutsin-Ma, dam ɗin Daberam ta wajen Daura, wani kuma ya jefo maganar dam ɗin Challawa a Karaye. Kekuna huɗu masu giya ne, uku na gida. Babban cikinmu shekararsa 58. Don Allah wanda ya taka wuraren nan da ƙafarsa ya yi magana, taswirar waya muna da ita.

Auwalu_Mai_Giya:
Wa alaikumus salam. Zobe mana! Ai babu haɗi. Ruwa iya ganinka, ga duwatsu.

Bakatsine_Na_Asali:
Auwalu yaushe rabonka da can? Kyau kam akwai, ba wanda ya musa. Amma ka kwashi mutum bakwai da kwano a ka da baƙin tabarau ka shiga da su ƙauyukan yammacin Dutsin-Ma? Safana tana nan, Dan Musa tana nan, dajin Rugu yana bayansu. Ni dai in ƙanena ne ba zan bar shi ba.

Auwalu_Mai_Giya:
Na je shekaru biyar da suka wuce. Amma ai an ce an samu sauƙi.

Bakatsine_Na_Asali:
"An ce." To.

Malamin_Jogurafi:
Kafin a yi nisa bari in gyara wani abu, don kada Dan_Kofar_Sauri ya sa rai da abin da babu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Gulaben da muke da su, Gada da Karaduwa da Bunsuru, a kan yashi suke tafiya, faɗi suke yi ba zurfi ba. Kwazazzabo irin wanda kogi ya yanka dutse ya bar bango dama da hagu sai inda ƙasa take da tudu sosai. Abin da mutanenmu suke kira kwazazzabo yawanci zaizayar ƙasa ce, ramin da ruwan sama ya haƙa ya cinye gona. Shi ma yana da ban kallo, jar ƙasa a tsaye kamar an sare ta da wuƙa, amma manomin da gonarsa ce ta rufta ba zai so ya ji kuna cewa wurin ya yi kyau ba.

Challawa kuwa a takarda sunanta Challawa Gorge Dam, kuma kalmar tsakiyar ma'anarta kwazazzabo. An gama ta a 1992, tsawon madatsar ya haura kilomita 7. Wani abin sha'awa: ruwan Zobe yamma yake nufa, ya shiga Rima, ya ƙare a kogin Neja. Na Challawa gabas yake yi, ya haɗu da kogin Kano su zama Haɗejiya, har Tafkin Chadi. Maƙwabta ne amma sun juya wa juna baya.

Sani_Kankiya:
Malam mun gode da darasi, amma suna ne ya ruɗe ku. Na je Karaye ɗaurin aure, muka leƙa dam ɗin. Ruwa ne malale kamar teku, masunta da kwalekwale, ga kifi mai arha. Ban ga wani bangon dutse ba. In ma akwai kwazazzabon, ruwa ya shanye shi.

Dan_Kofar_Sauri:
Ka ga irinta. Wanda ya kawo maganar Challawa ma sunan kawai ya gani.

Baba_Mai_Raleigh:
Yara, ku saurara in faɗa maku. Ni na yi fatauci da keke tun zamanin Shagari, lokacin da aka gama Zobe ɗin nan a 1983 ina da ƙarfina. Abin da nika tsoro ga wanga shiri naku ba nisa ba ne, gulbi ne.

Wata rana ƙarshen damina, kamar wanga lokaci, na ɗauro buhun gero bisa kariya zan ƙetare wani gulbi. Sama garau, ko ɗigon hadari babu. Ruwan bai wuce idon sawu ba. Na sauka ina turawa, na kai tsakiya, sai na ji wani ƙugi daga kudu kamar babbar mota na tahowa. Wani bafillace da ke bisa gaɓa ya kwaɗa mani kira, "Saki keken! Saki!" Ban saki ba, don bashi na ci na saye shi. Na ja da ƙarfin tsiya na kai gaɓa, buhun ya zame ya faɗi. Ina juyowa na ga ruwa ja wur, da kumfa da karare da wata matacciyar akuya, ya rufe inda nike tsaye ɗazu. Ashe can sama aka yi ruwa da dare. Geron nan ban sake ganinshi ba. Keken yana nan har yau, jikana ke kai niƙa da shi.

Don haka in za ku bi gulbi, ku bari sai an yi sati uku cur ba a ji ruwa ko'ina ba. Kuma ku tambayi mutanen wurin inda mashigi yake, kada ku bi sawun shanu. Saniya tana shiga inda mutum ba ya fita.

Hamza_Rafin_Dadi:
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Maganar nan gaskiya ce. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ya san abin da ruwan dare yake yi, sama da mutum 40 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Bakatsine_Na_Asali:
Amin ya Allah.

Dan_Daura_A_Amurka:
Salam 'yan'uwa, ku yi haƙuri na makara, nan yanzu gari ya waye. Na karanta tambayar sai da na yi dariya, domin irin wannan gardamar ce ake yi a inda nake, sai dai su nasu kwazazzabon na gaske ne. Kogin Kolombiya ya ratsa tsaunuka tsakanin jihar Oregon da jihar Washington, tsawon wurin kusan kilomita 130, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,200. Masu keke kullum suna musu: a bi ta ɓangaren Oregon ko ta Washington, a fara daga gabas ko daga yamma.

Ta Oregon akwai tsohuwar hanya da aka gina tsakanin 1913 da 1922, tana murɗawa jikin dutse. Da aka yi sabuwar babbar hanya a ƙasa kusa da ruwa, sai aka yi watsi da wasu sassan tsohuwar, daga baya aka gyara su aka bar wa masu keke da masu tafiyar ƙasa. Na bi wanda ke tsakanin Hood River da Mosier, akwai ramuka biyu da aka huda cikin dutse, da tagogi a gefe, kana tafe cikin duhu da sanyi sai ka hango kogi can ƙasa. Ta yamma kuma akwai inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, Multnomah, tsayinsa mita 189, amma nan motoci da 'yan kallo sun yi yawa, hanyar ga ta siririya.

Abin da ya sa na kawo wannan: ranar farko ban tambayi kowa ba, na tasar wa yamma da rana tsaka a lokacin zafi. Ashe a wannan lokacin iskar daga yamma take busowa ta cikin kwazazzabon kamar an hura bututu. Wallahi a kan gangara ina taka feda kamar mai hawan tudu. Wata tsohuwa ta wuce ni tana tafiya gabas, ko feda ba ta takawa, ta ɗaga min hannu. Ku duba iska kafin ku duba kyan wuri.

Auwalu_Mai_Giya:
To Alhaji sai ka turo mana biza mu bakwai, a huta da gardama.

Dan_Daura_A_Amurka:
Ni da zan samu furar Daura mai sanyi yanzu da na ba ka kwazazzabon gaba ɗaya, har da tsohuwar.

Malamin_Jogurafi:
Maganar iska ta shafe ku kai tsaye. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, Daura kuma gabas take da Katsina, tazarar kusan kilomita 80. In kuka bari sanyi ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, tafiya Daura da keke kokawa ce da iska tun daga fita gari, ga hazo ya rufe abin da kuka je gani. Dawowa kuwa ita za ta riƙa tura ku. Dabara ita ce a loda kekuna a mota zuwa can, a yi yawon da za a yi, masu ƙarfi su dawo a kan keke.

Hamza_Rafin_Dadi:
Mutum mai shekara 58 a kan keken gida, kilomita 80 bayan ya yini yana yawo? Malam ka tausaya.

Dan_Kofar_Sauri:
Hamza ba ka san shi ba ne. Shi ke jiranmu a gindin bishiya kullum. Wanda nake ji wa tsoro wani ɗan shekara 26 ne da ya sayi keke mai tsada watan jiya.

Mai_Faci_Kofar_Guga:
Kowa yana maganar ruwa da iska, ba wanda ya ambaci tsidau. Ni shi ke ciyar da ni, don haka na san shi. Da zarar kun sauka daga kwalta kun bi gefen gona a lokacin kaka, ya bushe ya zube, kowane ƙwaya da ƙayoyinsa a tsaye. Bara wasu samari suka kawo min keke, taya ɗaya na ƙirga huda goma sha ɗaya. Na ce musu wannan ba faci ba ne, jana'iza ce, a sayi sabon tub.

Ga abin da za ku yi. Ku samo tsohon tub, a yanke bawul ɗin, a tsaga shi a shimfiɗa cikin taya kafin a sa sabon. Keken zai ɗan yi nauyi amma ƙaramar ƙaya ba za ta kai ciki ba. Kowa ya riƙe tub ɗaya na ajiya daidai da tayarsa, don masu giya da na gida ba girmansu ɗaya ba. Famfo biyu aƙalla, kuma ku gwada bakinsa da bawul ɗin kowa tun a gida. In kun zo yashi ku rage iska kaɗan, tayar ta baje. Kada ku yi wa sarƙa wanka da baƙin mai kafin ku fita, yashi zai manne ya riƙa cin haƙoran giya kuna ji yana ƙas-ƙas. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma.

Sai birki. Masu keken gida su duba robar. Gangaren bakin gulbi gajere ne amma a tsaye yake, kuma ƙarshensa yashi. Ka matse birkin gaba a nan, kai za ka riga keken isa.

Sani_Kankiya:
Na shaida wannan na ƙarshen. Haƙorina na gaba na roba ne.

Yar_Daurama:
Salamu alaikum. Ba na hawan keke, mijina ne yake cikin zauren nan nake leƙawa ta wayarsa, yau dai na ce sai na yi magana da nawa sunan. Ni 'yar wani ƙauye ce a bakin ruwa ta wajen Daura. Ku ku ke ganin wurin shaƙatawa ne, mu wurin wanki da wanka da ɗiban ruwa ne. Kwanaki wasu baƙi suka zo da kekuna da kaya masu ɗame jiki, suka tsaya bisa gaɓa suna ɗaukar hoto, mata na ƙasa sun ɗaura zani iya ƙirji suna wanki. Gwaggona har gida ta zo tana faɗa, ta ce ko sallama babu. Saura kaɗan samarin gari su fasa musu waya.

Don Allah in kun zo, ku fara zuwa ƙofar mai gari ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Zai haɗa ku da yaro ya nuna muku inda maza suke sauka. Kuma ku sa dogon wando a kan wancan naku.

Dan_Kofar_Sauri:
Hajiya mun gode ƙwarai, wallahi wannan bai zo mana a rai ba. Za a kiyaye.

Bakatsine_Na_Asali:
Kuma gaida mai gari ba ladabi kaɗai ba ne yanzu. Tun da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma a Oktoban 2023, ga 'yan banga, duk baƙon da aka gani yana zagaya ƙauye yana ɗaukar hoton hanya sai an tambaye shi. Kuma suna da gaskiya. Ku riƙe katin shaida, ku sa wani ɗan garin a gaba.

Nas_Maman_Ilham:
Tunda an zo maganar ruwa: kada zafi ya sa ku faɗa cikin dam ku yi iyo. Ruwan da ke kwance, mai ciyayi a baki, nan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba, bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Muna ganin yaran bakin dam da ita kullum. Ku tafi da ruwan shanku, kowa kada ya gaza lita uku, da garin gishiri da sukari ko biyu ne cikin aljihu. Shi kuma Baban mai 58 a auna hawan jininsa kafin ranar, ko da shi ke riga ku.

Auwalu_Mai_Giya:
Kai jama'a. Ruwa zai tafi da mu, ƙaya za ta huda mu, tsargiya za ta kama mu, 'yan banga za su tsare mu. Mu koma wurin mai shayin kawai.

Kabiru_Shargalle:
Auwalu kwantar da hankalinka. Ni nan yankin nake, bari in ba da tawa. Daberam ba kwazazzabo ba ne, kada in yi muku ƙarya, amma a watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba wurin yana da daɗin ido. Dam ya cika, an yanke gero an jingina, dawa ta sunkuyar da kai, ga goruba da gawo da kuka. Da sassafe za ka ga masunta suna jan koma, balbelu fari fat a bakin ruwa. Akwai ƙananan koramu da suka yanka ƙasa, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum, ka gangara ka tura ka hau. Wanda yake son hawa da sauka zai samu daidai gwargwado. In an gama a shiga Daura a yi azahar, a leƙa rijiyar Kusugu, a ci abinci. In da sauran ƙarfi ga dam ɗin Sabke ta wajen Mai'aduwa, amma ni ban ba da shawarar a haɗa biyun rana ɗaya ba.

Abu ɗaya: karnukan ruga. Kada ka yi tsere da su, za su cim maka. Ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka yi sallama da ƙarfi har wani ya fito.

Sani_Kankiya:
In duwatsu ake so me ya hana Kazaure? Hanyar Daura zuwa Kano ta bi ta nan, ga tuddai ga dam a gefen gari. Duk yankin nan ban ga inda ya fi kama da abin da Dan_Kofar_Sauri ya kwatanta ba.

Hamza_Rafin_Dadi:
Kazaure kam akwai tudu, amma titin fa? Manyan motoci da direbobin haya ba su san mai keke mutum ne ba. An taɓa matse ni har na faɗa kwalbati, mai motar ko waiwaye. Ni gara yashi da tsidau a kan kwalta mai tirela.

Baba_Mai_Raleigh:
Mi ya hana ku fara da madatsar Ajiwa? Ga ta nan bayan gari, ruwan da kuke sha ma daga can yake. Ku je ku dawo kafin azahar, ku ga wanda zai iya da wanda baki ne kawai. Mu da can ba a ɗora ma sabon jaki kayan Kano ranar farko.

Auwalu_Mai_Giya:
Baba wa ye sabon jakin?

Baba_Mai_Raleigh:
Wanda ya tambaya.

Dan_Daura_A_Amurka:
Baba ya gama da kai Auwalu. Amma Kabiru, maganar gawo da ka yi ta tsaya min a rai. Nan bishiyoyi dogaye ne masu duhu, a 2017 ma gobara ta cinye wani babban yanki na dajin kwazazzabon, har yanzu ana ganin baƙaƙen kututture a jikin dutse. Duk kyansa ban taɓa jin ƙanshin kaka a can ba. In kun je ku ɗauko min hoton gawo ɗaya. Ba na matan wanki ba, Hajiya Yar_Daurama na ji.

Malamin_Jogurafi:
Sai dai gawon lokacin ne yake fara fitar da ganye, da damina tsirara yake. In kun je da wuri za ku same shi rabi da rabi.

Dan_Kofar_Sauri:
Na karanta wa sauran duk abin da aka rubuta. Zobe an ajiye ta sai Allah Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa, ko da yake mutum biyu ba su ji daɗi ba. Uku suna son Daberam, ɗaya ya kafe a kan Kazaure, mai sabon keke kuma har yanzu Challawa yake so wai sunan ya fi daɗin sawa a Facebook. Asabar mai zuwa za mu gwada Ajiwa kamar yadda Baba ya ce. Malam Kabiru, in ba damuwa ranar Alhamis mu biyu za mu zo a mashin mu ga hanyar da idonmu, ka raka mu wurin mai gari.

Kabiru_Shargalle:
Ba damuwa, Allah Ya kai mu. Ku zo da wuri, kuma ku duba sama kafin ku taso, shekaranjiya an yi yayyafi ta wajen Mashi.

Auwalu_Mai_Giya:
Ni dai har yanzu Zobe. Ku rubuta ku ajiye.

Mai_Faci_Kofar_Guga:
Masu keken gida ukun nan su kawo min su kafin Juma'a, ba daren Juma'a ba. Kuma wanda ya ari sifana mai lamba 15 wancan watan ya san kansa.